BABUR A KAN KWANA: JAWABI GA HAKIMAI DA MALAMANSU NA ƘASAR ƘANƘARA, FASKARI DA SABUWA

Wannan jawabi a kan babur ne, da abin da ya kamata mahayi ya yi in ya iske kansa ya shiga kwana da gudun da ya fi ƙarfinta. Watakila wani ya ce wannan ai maganar 'yan acaɓa ce da makanikai, ina ruwan hakimi da ita? Amsa kuwa ita ce, ran da babur ya kā da magidanci a bayan gari, ba wurin bakanike a ke fara kai labari ba. Ƙofar mai unguwa a ke zuwa, daga nan sai dagaci, daga nan sai hakimi. Malamin hakimi shi ke rubuta sunan mamaci a littafi, hakimi kuwa shi a ke bar wa marayu. Saboda haka ya wajaba shugabanni su san yadda abin ke faruwa, don su iya yi wa jama'arsu gargaɗi da sani, ba da faɗa kaɗai ba.

BABUR A ƘASAR NAN

Kowa ya san babur ya gāji jaki da keke a wannan yanki. Shi ke kai masara kasuwar Ɗandume da ta Sheme, shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke kai malamin makaranta ƙauye. Hanyoyin da ya ke bi kuwa iri iri ne. Akwai babbar hanyar Funtuwa zuwa Gusau, wadda ta ratsa Sheme da 'Yankara a ƙasar Faskari, inda ya ke gogayya da manyan motoci. Akwai ta Ƙanƙara zuwa Sheme, da ta Ƙanƙara zuwa Dutsin-Ma, da wadda ta tashi daga Funtuwa ta bi ta Ɗandume ta isa Sabuwa. Bayan waɗannan ga ɗimbin hanyoyin burji da turbobin gona, waɗanda ba mai iya ƙidaya kwanoninsu.

Dokar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade wa babur gudun kilomita 50 a awa, ko cikin gari ko bayan gari. Amma akwai wani dalili na musamman da ke sa mutanen wannan yanki wuce ƙa'ida, watau tsoron 'yan bindiga. A ƙarshen watan Agusta na 2021, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar tsaro wadda a wancan lokaci ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta kuma hana hawan mutum uku a babur ɗaya. Wanda ya san halin da aka shiga ba zai zargi mutumin da ke sauri ya isa gida kafin magariba ba. Amma fa kwana ba ta tambayar dalilin gudu. Wanda ya tsere wa ɗan bindiga, kwalbati ya karya masa wuya, iyalinsa dai sun yi rashi.

ABIN DA KE RIƘE DA BABUR A KWANA

Babur da mahayinsa da kayansa duka suna tsaye ne a kan wurare biyu inda taya ta taɓa ƙasa, kowane wuri kuwa bai kai tafin hannu ba. Riƙon da roba ke yi wa ƙasa a waɗannan wurare biyu shi ne iyakar jarin mahayi. Kamar kuɗin cefane ya ke: abin da aka kashe a kan nama ba za a sake kashe shi a kan mai ba. In mahayi ya kwantar da babur don shan kwana, ya riga ya kashe wani kashi na wannan jari. In kuma ya danƙe birki a lokacin, ya nemi abin da ya fi saura, sai taya ta saki ƙasa.

Abu na biyu shi ne, ƙarfin da ke tura babur waje da kwana ba daidai da gudu ya ke ƙaruwa ba, ya fi gudu saurin hauhawa. In aka ninka gudu sau biyu, shi sai ya ninku sau huɗu. Kwanar da a ke sha cikin kwanciyar hankali a gudun kilomita 40, in aka shige ta a 60 tana bukatar riƙon da ya fi ninki biyu, in kuwa a 80 ne tana bukatar ninki huɗu. Ga shi kuma mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, watau taku ashirin da wani abu na babban mutum. Kafin ido ya gaya wa hannu, an riga an wuce wannan tazara.

Abu na uku shi ne hannun da a ke bi. Tun ran 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma ta dama. Saboda haka wanda kwanar dama ta ƙwace wa, cikin layin motocin da ke tahowa zai faɗa. Wanda kuwa ta hagu ta ƙwace wa, gefen hanya zai nufa, inda yashi da rami da itatuwa su ke. Kowace da irin haɗarinta, amma ta dama a babbar hanya ta fi muni, zama ba a yin karo da tirela a ba da labari.

UMARNI UKU NA TSORO

Da zarar mahayi ya ga kwana ta fi yadda ya zata, sai tsoro ya ba shi umarni uku, dukansu kuwa ɓata ne.

Na fari, ya ce masa ya danƙe birki. In birkin gaba ya danƙe da ƙarfi alhali babur na kwance, tayar gaba ta kulle, sai ya ji shi ƙasa tun bai san abin da ya faru ba. In na baya ya take da ƙarfi, bayan babur ya zame gefe, in kuma ya saki birkin farat ɗaya taya ta sake kama ƙasa, sai babur ya yi tsalle ya wurgar da shi ta sama.

Na biyu, ya ce masa ya sandare. Hannuwa su ƙage, kafaɗu su ɗaure, babur ya miƙe tsaye. Babur da ke tsaye kuwa ba ya shan kwana, sai ya zarce sak.

Na uku, ya ce masa ya kafa ido a kan abin da ya ke tsoro, ko itace, ko kwalbati, ko motar da ke tahowa. Wannan shi ya fi duka sharri, domin babur inda ido ya ke nan ya ke zuwa. Shi ya sa a kan ga mutum ya daki itace guda ɗaya tak a fili fetal, har mutane su riƙa cewa akwai iska a wurin.

Ba mutanen ƙasar nan kaɗai ke wannan ba. A 1981 wani masani mai suna Harry Hurt, na Jami'ar Kudancin Kalifoniya a Amurka, ya fitar da rahoton binciken haɗarin babur guda 900 da aka bi ɗaya bayan ɗaya a yankin Los Anjalis. Ya iske kusan kashi ɗaya cikin huɗu babur ne shi kaɗai ya faɗi, ba tare da wata mota ba. Cikin waɗannan kuma kusan biyu cikin uku kuskuren mahayi ne, yawanci ko ya matsa birki fiye da kima ya zame, ko ya zarce a kwana saboda gudu ko rashin kwantar da babur yadda ya kamata. Ke nan da yawa cikinsu babur ɗin zai iya shan kwanar, mahayin ne ya fid da rai.

ABIN DA YA KAMATA A YI A KAN KWALTA

In hanya kwalta ce busasshiya, ga abin da mahayi zai yi, bi da bi, cikin ƙiftawar ido.

Da fari ya ɗauke idonsa daga abin tsoro, ya juya kansa ɗungum, har da haɓa, ya dubi inda kwana ta ƙare, wurin da ya ke son fita. Wannan shi ne tushe. Wanda ya iya wannan ya yi rabin aiki.

Sa'an nan ya sassauta totur a hankali. Kada ya kama kuloci ya bar babur na gangarawa haka nan, kada kuma ya sauke giya a tsakiyar kwana, domin sauke giya da gudu kan sa tayar baya ta ja ƙasa kamar an taka birki.

Na uku, ya ƙara kwantar da babur. A nan akwai abin da yawancin mahaya ke yi kullum ba su san suna yi ba. In babur na gudu, ba a karkatar da kansa zuwa inda a ke son zuwa kamar yadda a ke yi wa amalanke. Mai son zuwa dama, hannunsa na dama zai tura gaba. Mai son zuwa hagu, na hagu zai tura. Dalili kuwa, in aka tura hannun dama, tayar gaba ta ɗan kauce hagu, sai ta bar nauyin babur ya rinjaya dama, da ya rinjaya kuwa sai ya sha kwanar dama. Duk yaron da ya taɓa tsai da kara a tafin hannunsa ya san wannan: in yana son kara ya karkata dama, hagu zai janye hannunsa. Saboda haka mahayin da ya ga zai zarce, sai ya ƙara tura hannun da ke ta cikin kwana, da natsuwa, ba da fizga ba. Babur mai tayoyi masu kyau a busasshiyar kwalta yana iya kwanciya fiye da yadda yawancin mahaya suka taɓa gwadawa. In ya ji matakin ƙafa ya fara gogar ƙasa, alama ce an kusa iyaka. Kada ya firgita ya miƙe, sai ya sunkuyar da ƙirjinsa da kansa zuwa cikin kwana, wannan zai rage wa babur kwanciya.

Na huɗu, in lalle sai an rage gudu, a taɓa birki sannu sannu, kamar mai tatsar nono, ba kamar mai damƙar ɓarawo ba. Yatsu biyu a na gaba, ɗan taushi kaɗan a na baya. Ya kuma sani birkin gaba kan sa babur ya nemi miƙewa, don haka sai ya ci gaba da tura hannun ciki.

Akwai wata dabara in akwai sauran fili a gaba kafin kwana ta tsananta, ba kuma mota a ɗaya layin. Mahayi ya miƙar da babur tsaye, ya kama birki biyu sosai, tun da ya ke babur a tsaye yana iya kashe jarinsa duka a kan birki, sa'an nan ya saki ya sake kwantawa. Birkin gaba shi ke ɗauke da mafi yawan aikin tsayawa, wajen kashi bakwai cikin goma. Mahayan da suka kwance shi, ko suka bar wayarsa a tsinke don wai yana kā da mutum, sun yar da mafi yawan birkinsu ke nan.

Abu biyu kuma ba a yi. Ba a sauke ƙafa ƙasa da gudu, zama ƙafa ba ta tare babur, karyewa ta ke yi. Ba a kuma yar da babur da gangan wai don a tsira, domin roba ta fi ƙarfe riƙon ƙasa, babur da ke jan ciki kuwa ba shi da birki, ba shi da linzami.

A KAN BURJI DA YASHI DA LAKA

Abin da aka faɗa game da ido bai canja ba ko'ina. Amma a hanyar burji jarin riƙo kaɗan ne tun asali, saboda haka sauran sha'ani ya bambanta. Tsakuwa a kan busasshiyar ƙasa kamar gero ce da aka zubar a daɓe. A nan mahayi zai matsa gaba a kan sirdi don tayar gaba ta sami nauyi, ya bar babur ya karkata a ƙarƙashinsa shi kuwa jikinsa na tsaye, ya danna matakin ƙafar da ke ta waje. Birkin baya ne abokin tafiya a nan, shi ma da taushi. Na gaba kuwa sai in babur na tsaye sak. In gudu ya yi yawa ƙwarai, gaba kuma gona ce ba rami ba kututture, gara a zarce cikinta a tsaye ana rage gudu, da a nace sai an sha kwana a faɗi. Kunyar shiga gonar wani ta fi sauƙin karaya.

Kwalta ma kan koma kamar burji a wasu lokatai. Bayan ruwan sama, yashi kan taru a gindin gangara da bakin kwalbati. Ruwan farko na damina kan tayar da ƙura da man da suka kwanta duk rani, hanya ta yi santsi. Manyan motoci kan zubar da man gas a kwana. Da kaka kuma a kan shanya hatsi a gefen titi. Duk inda mahayi ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya ratsa shi babur na tsaye gwargwadon iko, ba birki, ba ƙarin wuta.

GOYO DA KAYA

Buhun masara mai kilo 100 ya kusa nauyin babur ƙirar Boxer kansa. In aka ɗaure shi can bayan kariya, gaban babur ya yi sakayau, tayar da ke jagora ta rasa riƙo. Gara a matso da kaya gaba, a ɗaure tamau don kada su goce a kwana. Mai kaya ko goyo tilas ya fara rage gudu tun daga nesa, domin birkin waɗannan ƙananan babura ba a yi shi don irin wannan nauyi ba.

Wanda aka goya shi ma yana da nasa aiki. Sau da yawa fasinja ne ke jawo faɗuwa, in ya ga babur ya kwanta sai ya miƙe zuwa waje, ko ya zuro ƙafa. Ya kamata mahayi ya gaya masa tun kafin a tashi: ya manne, ya bar ƙafafunsa a kan mataki, ya duba ta kan kafaɗar mahayi da ke ta cikin kwana. In mutum uku ne ko huɗu a kai, to babu wata dabara da za a koya, sai sauƙin Allah.

TUN KAFIN A ISA

Duk abin da aka zana a sama magani ne, rigakafi kuwa ya fi shi. Ƙa'idar guda ce: a gama rage gudu da sauke giya tun babur na tsaye, kafin a shiga kwana, a shiga a hankali, in an hango mafita a ƙara wuta. Kwanar da ba a ganin ƙarshenta, a ɗauka akwai garken shanu a bayanta. Da dare ko cikin hazo, kada gudu ya wuce inda fitila ta haska. Suɗaɗɗiyar taya da taya mai ƙarancin iska kuwa sun cinye jarin tun ba a bar gida ba.

Sai hular kwano. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa ta ran 1 ga Janairu, 2009, har a wasu garuruwa aka riƙa ganin masu kifa ƙwarya a ka don su ruɗi ma'aikata. Binciken likitoci ya nuna hular kirki tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin 100, na raunin kai kuwa da kimanin kashi 69. Amma sai an ɗaure igiyarta a haɓa. Wadda ba a ɗaure ba ita ke riga mai ita isa ƙasa.

AIKIN HAKIMI DA NA MALAMINSA

Ga abubuwan da ke hannun shugabanni, ba kuwa masu cin kuɗi ba ne.

1. Kowane hakimi ya umarci dagatansa su kawo sunayen kwanonin da aka saba faɗuwa a ƙasarsu. Mutanen gari sun san su sarai.

2. Malamin hakimi ya buɗe littafi na musamman. Duk haɗarin da aka kawo ya rubuta rana, da lokaci, da wuri, da ko kwalta ce ko burji, kwanar dama ce ko ta hagu, mutum nawa ke kai, wane kaya, akwai hular kwano ko babu, da irin raunin da aka ji. Bayan wata shida littafin zai nuna inda ciwon ya ke. Da shi za a tunkari ƙaramar hukuma da ma'aikatan kiyaye haɗurra a nemi allon gargaɗi ko gyara, zama hukuma ta fi jin lissafi da kuka.

3. A yi gayya a share yashi daga waɗannan kwanoni bayan manyan ruwaye, a sare ciyawa da rassan da ke tare gani. A roƙi masu gonakin da ke ta cikin kwana su shuka gyaɗa ko wake a bakin hanya maimakon masara da dawa. A shafa wa duwatsu da kawunan kwalbati farar ƙasa, wadda Allah ya hore wa ƙasar Ƙanƙara, don fitila ta kama su da dare.

4. A hana shanya a kan kwana. A kuma hana mutanen gari gina tudun rage gudu a cikinta bisa ga ra'ayinsu. In ana bukatarsa, hukuma ce za ta sa shi, a miƙaƙƙen wuri kafin a iso.

5. A kira shugabannin 'yan acaɓa a sa su tara yaransu a filin makaranta ko filin idi. A jera gwangwanaye, kowa ya gwada juya kai, da tura hannun ciki, da kama birki biyu a tsaye, da ƙaramin gudu, har hannu ya saba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da hannu bai koya cikin natsuwa ba, ba zai tuna da shi cikin firgita ba.

6. A tuna wa iyaye cewa doka ba ta ba da lasin ga wanda bai kai shekara 18 ba. Limamai su faɗa ran Jumma'a, mai shela ya faɗa ran kasuwa.

7. In haɗari ya auku, kada a fizge hular wanda ya faɗi, kada a ɗaga shi ana lanƙwasa wuyansa. A tsai da jini da tsumma mai tsabta, a ɗauke shi a miƙe a kan ƙyaure ko katako, a buga lamba 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra inda waya ke zuwa.

Talaka ya fi jin maganar uban ƙasarsa da ta kowane allo da aka kafa a bakin hanya. In hakimi ya tambayi ɗan saƙonsa ina hularsa kafin ya ba shi takarda, in kuma malaminsa ya zo aiki da tasa a ɗaure, sauran jama'a za su bi. Allah ya kiyaye hanya, ya zaunar da ƙasa lafiya, ya kai kowa gidansa. Amin.